Ɗakin Karatu da Taskar Tarihi na Makarantar Lutheran ta Filadelfiya

An kafa makarantar horar da fastoci ta ɗarikar Lutheran a birnin Filadelfiya na Amurka a 1864. Saɓanin aƙida ne ya haife ta: wasu malamai sun ga makarantar Gettysburg, wadda aka buɗe a 1826, ta sassauta koyarwar Martin Luther don ta dace da sauran ɗarikun ƙasar, sai suka ɓalle. Jagoransu shi ne Charles Porterfield Krauth, kuma sunansa aka sa wa ɗakin karatun da aka buɗe a 1908 a unguwar Mount Airy. Akwai littattafan fassarar Littafi Mai Tsarki, da tarihin ikilisiya, da waƙoƙin sujada, da yawansu cikin Jamusanci da Latin.

Sai dai littafin da aka buga, in ya ɓace, ana iya samun irinsa a wani wuri. Abin da ba shi da madadi yana cikin taskar takardu, kuma mafi daraja shi ne rubutun hannun Fasto Henry Melchior Muhlenberg. Daga birnin Halle na Jamus aka turo shi Amurka a 1742. Ya yi ta zagaya ƙauyukan Jamusawa 'yan ci-rani, ya haɗa ikilisiyoyinsu a majalisa ɗaya a 1748, yana rubuta abin da ya gani: rigimar fasto da dattawa, ciwo, talauci, har da halin da jama'a suka shiga lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. An fassara littafin nasa zuwa Turanci cikin juzu'i uku tsakanin 1942 da 1958.

Akwai kuma rajistar baftisma da aure da jana'iza. Jihar Pensilbaniya, inda Filadelfiya take, ba ta tsayar da rajistar haihuwa ta bai ɗaya ba sai 1906, don haka mai neman asalin kakanninsa sau da yawa a nan kaɗai zai ga sunansu. Wahalar ita ce an rubuta tsofaffin da salon hannun Jamusanci na da, wanda ko Bajamushen yau sai ya koya kafin ya karanta, shi ya sa horar da masu karanta shi ya kamata ya zo daidai da kare takardun daga laima.

A 2017 makarantar Filadelfiya da ta Gettysburg suka haɗe da sunan United Lutheran Seminary, kowane reshe da ɗakin karatunsa.