Kwamfuta ta ƙi tashi, ko ta ƙi magana: abin da za a duba kafin a kai ta gyara

Tallaje unguwa ce a cikin birnin Yamai, a gunduma ta 4, ta wajen hanyar da ke zuwa filin jirgin sama na Diori Hamani. Mutane da yawa na unguwar daga karkara suka fito. A cikin gidajensu ana samun kwamfuta, wadda wasu ke ce ma ordinatar. Ɗalibai suna karatu da ita. Masu shago suna rubuta ma mutane takardu da ita, ko su tura musu wa'azi da waƙoƙi a katin waya. Daga irin waɗannan unguwanni kwamfuta take isa ƙauye, a hannun ɗalibi mai hutu, ko malamin makaranta, ko magatakardan ƙungiyar manoma.

Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci an riga an yi aiki da su a ƙasar waje kafin su iso. Wata rana sai a danna maɓalli, ta ƙi tashi. Wata rana kuma ta tashi, amma babu murya. Mai ita sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauke ta ya nufi wurin mai gyara. Can ana iya goge ta duka a sake zuba mata tsari. Kuɗi sun tafi, lissafin ƙungiya da hotunan iyali su ma sun tafi. Alhali sau da yawa ciwon ƙarami ne, wanda mai ita zai iya ganowa da kansa.

Dokar guda ce. A fara dubawa daga bango, a bi waya, a ƙare ga kwamfuta. A taɓa abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya taɓa abu uku lokaci ɗaya ba zai san wanne ne ya lalace ba.

Me ke kawo ciwon?

Abu uku ne suka fi wahalar da kwamfuta a ƙasar Nijar: wuta, zafi da ƙura.

Wutar gida da kamfanin NIGELEC ke bayarwa ƙarfinta bolt 220 ne. Tun shekarar 1976 wani babban layi ke kawo ma Yamai wuta daga Najeriya, ta Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2023 an yanke wannan layi, ba a maido shi ba sai watan Maris na 2024. A lokacin mutanen birni sun sha ɗauke wuta dare da rana. Kwamfuta ba ta son a ɗauke mata wuta tana tsakiyar aiki. Ba ta son wuta mai hawa da sauka, irin ta ƙaramin injin da ake ce ma gurup.

A watan Afirilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40. Lokacin hunturu kuma iska tana cika ɗaki da ƙura. A cikin kwamfuta akwai ƙaramar fanka mai fitar da zafi. Idan ƙura ta toshe ta, zafi ya taru, kwamfutar tana kashe kanta don kar ta ƙone.

Na 1: babu haske, babu motsi

Idan an danna maɓalli, ba fitila, ba ƙarar fanka, to wuta ce ba ta shiga ba.

A fara gwada ramin wuta na bango. A sa cajar waya ko rediyo a ciki, a gani ko yana aiki. Idan akwai wayar ƙari mai ramuka da yawa, a cire ta, a sa kwamfuta kai tsaye a bango. Waɗannan wayoyi masu arha suna yawan ƙonewa daga ciki.

Babbar kwamfuta ta tebur tana iya samun wani ƙaramin maɓalli a baya, kusa da inda waya ke shiga. An rubuta masa 0 da I. Sai yana kan I wuta ke shiga. Yara da masu shara suna taɓa shi ba su sani ba. Wasu tsofaffi kuma suna da jan maɓalli mai lamba 115 da 230. A Nijar 230 ya kamata a gani. Idan yana kan 115 aka sa wuta, take za ta ƙone.

Ga kwamfutar hannu, a dubi caja. A bi wayar da yatsa, a gani ko ɓera ya ci ta, ko ta karye kusa da baki. A karanta lambar da ke jikin cajar da wadda ke ƙarƙashin kwamfutar. Yawancinsu bolt 19 ne ko kusa da haka. Kar a ari cajar maƙwabci don bakinta ya shiga kawai, sai lambobin sun yi daidai.

Akwai wata dabara mai sauƙi. A cire caja. A cire batir idan mai fita ne. A danne maɓallin kunnawa har a ƙirga 30. Sannan a maida caja kaɗai, a kunna. Idan ta tashi ba batir, to wataƙila batir ɗin ne ya mutu. Batir da ya kumbura kuwa haɗari ne, yana iya kama wuta. Kar a huda shi, kar a jefa shi cikin wutar shara.

Na 2: fanka tana juyawa, amma allo baƙi

Wannan ya nuna wuta ta shiga. Ga kwamfutar tebur, a duba ko allon kansa a kunne yake, domin yana da nashi maɓalli da tashi waya. A cire wayar da ta haɗa allo da akwati, a hure ƙura, a maida ta da kyau. Ga ta hannu, a ƙara hasken allo. Wani lokaci yaro ne ya rage shi har ƙasa.

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, tana fara binciken jikinta. Idan ta ga abin da ba daidai ba, wata tana yin kuka "tit, tit, tit", wata tana ƙifta fitila. A ƙirga sau nawa, a rubuta a takarda. Kowane kamfani da ma'anar nashi kukan, kuma lambar tana taimakon mai gyara.

Sau da yawa laifin na wani siririn falle ne da ake kira RAM. Girgizar mota a hanyar ƙauye ko ƙura tana sa ya daina zama daidai. Wanda hannunsa ya saba zai iya gyara shi. Ya cire wuta da batir tukuna. Ya taɓa ƙarfen ƙofa don ya sauke ɗan lantarkin da ke jikinsa. Ya buɗe maƙalai biyu na gefe, ya zare fallen, ya riƙe shi ta gefe. Ya goge bakin mai ruwan zinariya da abin goge fensir, ya maida shi har ya ji ƙas. Wanda bai saba ba ya bar ma mai gyara.

Akwatin ƙarfe da wayar wuta ke shiga cikinsa kuwa, ba a buɗe shi a gida ko kaɗan. Yana riƙe wuta ko bayan an cire waya, kuma tana iya kashe mutum.

Na 3: rubutu ya fito, amma ta tsaya

A fara cire duk abin da aka soka mata: kile, katin waya, na'urar buga takarda. Wani lokaci kwamfuta tana neman tashi daga kilen da aka manta a jikinta. A cire, a sake kunnawa.

Idan ta nemi a danna F1, kuma kwanan wata da agogo sun koma baya, to ƙaramin batir ne na ciki ya ƙare. Kamar kwabo yake, sunansa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe mata lokaci idan tana kashe. Ana samunsa wurin masu gyaran agogo, kuma ba shi da tsada. Kwanan wata da ba daidai ba yana hana shafukan intanet buɗewa.

Idan an ɗauke wuta tana aiki, tsarin Windows yana iya rikicewa. Zai yi ƙoƙarin gyara kansa, ya rubuta Réparation automatique a allo. A ba shi lokaci, ko da rabin awa ne. Kar a kashe ta a tsakiya. Gaggawa a nan ita ke ƙara ɓarna.

Amma idan an ji ƙara daga ciki, "ƙat, ƙat, ƙat", kamar agogon bango, a kashe ta nan take. Faifan ajiya ne yake mutuwa, shi ne rumbun da takardu da hotuna suke ciki. Duk kunnawar da aka ƙara tana rage abin da za a iya ceto.

Na 4: ta tashi, can sai ta mutu

Wannan alamar zafi ce. A sa hannu kusa da ramukan iska. Idan iska ba ta fita, ko fanka tana ihu, ƙura ta toshe hanya. A kashe, a cire wuta, a share ramukan da busasshen buroshi mai laushi. Ba a sa ruwa, ba a sa kananzir. Kar a ɗora kwamfutar hannu a kan katifa, ko bargo, ko yashi. A ɗora ta a kan tebur ko faffaɗan katako, a cikin inuwa.

Na 5: babu murya

Nan ma daga waje ake farawa. Lasifikar tebur tana da nata maɓalli da tata wuta. A duba ko fitilarta tana ci. Sannan a dubi ramin da aka soka waya. A bayan akwati ramukan suna da launi. Kore shi ne na lasifika da abin kunne. Mai ruwan hoda na makirfo ne. Shuɗi na shigar da sauti ne daga wata na'ura. Mutane da yawa suna kuskuren rami.

Don a san inda laifin yake, a soka lasifikar a wayar hannu, a kunna wani abu. Idan ta yi magana, lafiyarta lau, ciwon yana ga kwamfuta. Idan ta yi shiru, ita ce ko wayarta.

A ƙasan allo, ta hannun dama, kusa da agogo, akwai ɗan hoton lasifika. Idan an ga alamar × kusa da shi, an rufe murya ne. A danna, a ja ma'aunin sama. Kwamfutar hannu tana da maɓallin rufe murya a layin sama, wani lokaci sai an haɗa shi da maɓallin Fn. Shirin da ake kallon bidiyo da shi ma yana da nashi ma'auni dabam.

Wani lokaci muryar tana fita, amma ta wata ƙofa. Idan an haɗa kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI, murya tana komawa can. Idan an taɓa haɗa ta da rediyo ta Bluetooth, tana iya binsa har ɗakin maƙwabci. A shiga Paramètres, sannan Système, sannan Son, a zaɓi lasifikar da ake so. Ƙura a cikin ramin abin kunne ma tana ruɗin kwamfuta, ta zaci an soka wani abu. A soka abin kunne a zare sau uku ko huɗu, a hure ramin.

Idan muryar ta ɓace bayan an sake zuba Windows, wani ƙaramin shiri ne ya rasa. Da Faransanci ana ce masa pilote. Shi ne tafinta tsakanin Windows da kayan sauti. A wurin da ake kira Gestionnaire de périphériques za a ga alama mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa. Ana samun shirin kyauta a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Ba sai an sayi wani ƙarfe ba.

Murya mai karkarwa kuma, kamar tsagaggiyar ƙwarya, ta nuna ƙaramar lasifikar ciki ta yage. Ƙure murya kullum ke kawo haka. Lasifikar waje ko abin kunne ya wadatar.

Idan ya zama dole a je wurin mai gyara

A tafi da caja. A gaya masa abin da ya faru kafin ta tsaya: ɗauke wuta, faɗuwa, ruwa, ko tsawa. A nuna masa takardar da aka rubuta kuka da rubutun allo. Kafin ya taɓa kome, a yi jinga. Kalmar da za a kiyaye ita ce formater, ma'anarta goge rumbun duka. Kar a yarda sai an kwashe takardu da hotuna a kile, an buɗe su an gani da ido. Ko kwamfuta ta ƙi tashi, sau da yawa ana iya cire faifan a karanta shi a wata. Idan an canza wani abu, a karɓi tsohon.

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu na 2020, da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan ba ya hana su tashi ko yin magana. Kariyarsu a intanet ce ta ragu. Kar a bari wani ya ce kwamfutar ta mutu saboda haka.

Rigakafi

A kashe kwamfuta ta hanyarta, ba da zare waya ba. Idan an ɗauke wuta, a cire wayar daga bango, a jira wutar ta dawo ta zauna tukuna. Da damina, in an ga hadari da walƙiya, a cire ta. Mai hali ya sayi akwatin batir da ake kira onduleur, wanda ke riƙe wuta ƴan mintoci don a adana aiki a kashe lafiya. Bayan ta huce a rufe ta da ƙyalle mai tsabta. Kowane mako a kwafi muhimman takardu a kile, a ajiye shi a wani ɗaki dabam. Manomi ba ya zuba irin shuka da hatsin ci a wuri ɗaya.

Magatakardan ƙungiya da malamin karatun manya su rubuta waɗannan matakai a babbar takarda, su liƙa a bango kusa da kwamfuta, don duk wanda ya zauna gabanta ya san inda zai fara.