Kafin ka danna ping, duba maƙwabci

'Yan uwa masu shirin jarabawar aiki a ɗakin kwamfuta, ga abin da ke kayar da mutane a saita rawuta: haddar umarni ba tare da sanin abin da yake yi ba.

Rawuta dai ba ta san kowace hanya ba sai ta netwok ɗin da ke haɗe da ita kai tsaye. Sauran, ko ka rubuta mata su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ko ka kunna mata tsarin da za ta riƙa musayar labari da maƙwabtanta. Biyu muka fi haɗuwa da su a aji: RIP da OSPF.

RIP yana ƙirga rawuta nawa saƙo zai ratsa, ya zaɓi mafi ƙaranci. Iyakarsa 15, da an kai 16, ya ce wurin ba ya zuwuwa. Duk daƙiƙa 30 yake aika wa maƙwabta jerin hanyoyinsa. Kamar direban da ke zaɓar hanya mai ƙarancin garuruwa ne, ko da duk ramuka ce. OSPF kuwa ƙarfin layi yake dubawa, don haka yakan bi doguwar hanya in ta fi sauri. In an kunna su tare kuma duk sun san wuri ɗaya, rawutar Cisco maganar OSPF take ɗauka, domin lambar amincinsa 110 ce, ta RIP 120, kuma ƙarama ce ke nasara.

A Packet Tracer, layi biyu ne tushen OSPF:

router ospf 1
network 192.168.1.0 0.0.0.255 area 0

Wannan 0.0.0.255 ɗin juyin 255.255.255.0 ne. Lambar 1 kuwa ta cikin gida ce, ba dole ta zo ɗaya da ta maƙwabci ba. Amma fa yankin, wato area 0, dole ya zama ɗaya a ɓangarori biyun layin. Haka lokacin gaisuwa: a layin Ethernet duk daƙiƙa 10 suke gaisawa, in an yi 40 shiru, a ɗauka maƙwabci ya tafi. In waɗannan suka saɓa, ko adireshin biyun ba a netwok ɗaya suke ba, to ba za su ƙulla zumunci ba.

Shi ya sa kafin ping, fara rubuta show ip ospf neighbor. A tsakanin rawuta biyu, FULL kake son gani. Sannan show ip route: hanyoyin da ke da harafin O a gaba, OSPF ne ya kawo su. In ba ka ga maƙwabci ba, kar ka goge komai. Koma kan yanki, lokaci da adireshi.

Na ƙarshe: copy running-config startup-config. In ba ka yi shi ba wuta ta ɗauke, aikin awa biyu ya bi ruwa, kuma malami abin da ya tarar zai ba maki.