Folda Ta Ɓace Bayan Sabunta Kwamfuta? Kada A Yi Saurin Fomatin

Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a ke ta ƙaura zuwa Windows 11, wasu da son ransu, wasu don babu yadda za su yi. Cikinsu har da ɗalibanmu da ke Kuala Lumpur da kewayenta, 'yan Universiti Malaya, da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, da ta Putra da ke Serdang. Da yawa daga cikinsu digiri na biyu ko na uku suke yi, kuma wahalar shekaru tana kwance cikin kwamfuta guda. Sai a gama sabuntawa, mutum ya kunna, ya tarar da fuskar kwamfutar fayau, babu foldar kundinsa. Ko kuma ga foldar yana gani, amma an ce ba shi da izinin buɗe ta. Kafin ka ce kwabo ya nufi Plaza Low Yat, babbar kasuwar na'urori da ke Bukit Bintang, a duba masa.

A mafi yawan lokuta fayilolin suna nan daram. Hanyar isa gare su ce ta sauya.

Maganar izini ita ta fi rikita mutane. Windows ba da sunanka ta san ka ba. Kowane asusu da aka buɗe a kwamfuta tana ba shi wata doguwar lamba ta musamman, kuma da wannan lambar ake rubuta mallakar kowace folda. Idan aka ɗora manhajar daga farko, ko aka buɗe sabon asusu, ko da sunan bai canza ba, lambar sabuwa ce. Kamar mai gida ne da aka sauya wa kwaɗon ƙofa yana kasuwa: ɗakin nasa ne, kayansa na ciki, makullin hannunsa ne ya daina aiki. Mai asusun shugabancin kwamfutar yana iya shiga saitin tsaro na foldar ya mayar da mallakarta ga sabon asusun. Aikin 'yan mintoci ne, ba ya bukatar a goge komai.

Wani lokacin kuma Windows kan kasa ɗauko asusunka, sai ta shigar da kai na wucin gadi wanda babu komai a cikinsa. Haka ta faru ga mutane da yawa a Fabrairun 2020 bayan wani gyara mai lamba KB4532693, alhali kayansu na nan cikin C:\Users an ɗan sauya wa foldar suna. A nan akwai tarko, domin duk abin da ka ajiye a asusun wucin gadi yakan tafi da zarar ka fita. Akwai kuma OneDrive, wurin ajiyar fayiloli a intanet, wanda kan kwashe foldojin takardu da hotuna ya mayar ƙarƙashinsa idan ka danna amincewa ba ka karanta ba, kuma wa ke karantawa? Masu Mac ma sun ɗanɗana a 2019, lokacin da sabuwar manhajarsu Catalina ta tattara wasu fayiloli cikin wata folda mai suna Relocated Items.

Ba a ce asara ba ta taɓa faruwa ba. A farkon Oktoban 2018 sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809 ta share takardun wasu mutane da gaske, har kamfanin ya janye ta cikin 'yan kwanaki, bai sake sakinta ba sai 13 ga Nuwamba. To amma a ganina, abin da gaggawa ke cinyewa ya fi abin da manhaja ke ci. Mai gyara, a Low Yat yake ko a Titin Beirut na Kano, yana da layin jama'a a gabansa. Idan ka ce masa kawai "kwamfuta ta rikice", fomatin ne gajeriyar hanya, kuma shi ne ke mayar da ɓatan kai ya koma asara. Ka faɗa masa ƙarara cewa fayiloli kake nema, ya fara kwafe su zuwa wata ma'ajiya a gabanka kafin ya taɓa komai.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Bayan sabuntawa, ana tara tsohuwar manhajar a folda mai suna Windows.old, wadda da ita ake komawa baya, wani lokacin kuma can ake tsintar kayan tsohon asusu. Kwana 10 kawai take yi, Windows ta share ta da kanta. Wanda ya ga wuri ya cika ya yi sharar ma'ajiya a wannan tsakanin, shi ya share ta da hannunsa.

Inda dabarar mai gyara ke ƙarewa shi ne BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da ma'ajiyarsu a rufe da shi ba tare da mai ita ya lura ba, kuma idan BitLocker ya nemi makullinsa mai lambobi 48, babu ƙwararren da zai tsallake. Makullin yakan kasance a asusun Microsoft da aka fara shiga da shi. Idan da imel ɗin jami'a ka shiga, yana iya kasancewa a hannun sashen kwamfuta na makarantar, don haka ka nemo shi ka rubuta a takarda tun kafin ka kammala karatu a rufe maka asusun.