Hannun Mai Sassaƙa Ba Na Shaiɗan Ba Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani al'amari ne da na gani da idona bayan wani taron farkawa a wani ƙauye kudu da Zariya, inda aka tara kujerun sassaƙe da wata tsohuwar ƙofa mai zane da ganguna biyu, aka cinna musu wuta a bakin majami'a, jama'a na ta tafi wai an ƙone aikin Shaiɗan. Cikin tarin nan har da littafin wani yaro ɗan shekara kamar goma sha biyu, wanda ya cika shi da zanen awaki da fuskar kakarsa, ga shi tsaye a gefe, yatsa a baki, ko kuka ya kasa. Ba wannan ne karo na fari ba, gama magana ta bazu cewa zane da sassaƙa da kiɗan gargajiya duk ƙofofin aljanu ne, mai bi na ƙwarai ba ya kusantarsu.

Ba sai na tsaya bayanin mece ce fasaha ba, duk wanda ya taɓa ganin hular da aka yi wa aiki ya san ta. Gara mu tafi kai tsaye ga hujjar masu wannan ra'ayi, wadda guda ɗaya ce tak, wato dokar nan ta Littafin Fitowa sura 20 da ta hana yin gunki. Dokar gaskiya ce, ba mai musu, amma wanda ya karanta ta ya rufe littafi, ya kama reshe ne ya bar tushe, domin da ya daure ya ƙara sura biyar kacal, da ya tarar an umurci Musa ya sa a ƙera kerubobi biyu na zinariya a bisa murfin akwatin alkawari, a wuri mafi tsarki duka. Da kuma ya kai sura 31, da ya sadu da Bezalel, wanda aka kira shi da sunansa, aka cika shi da Ruhun Allah, ba don wa'azi ko annabci ba, sai don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar dutse da itace. Ashe kuwa mai sassaƙa yana da wurin zama cikin nassi tun kafin a haifi masu ƙona kujeru.

Misalin da ya fi warware mas'alar shi ne na macijin tagulla. Musa ya ƙera shi bisa umurni, kamar yadda ya zo a Littafin Ƙidaya sura 21, ba kuwa laifi. Da zamani ya yi nisa mutane suka shiga ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfashe shi, nassi kuma ya yaba masa. Tagullar ba ta sāke ba, zukata ne suka sāke. Abin da malaman fiƙihu ke kira illar hukunci a nan ita ce sujada ga abin da hannu ya yi, ba yin abin ba, in kuwa illa ta kau, ban ga dalilin da hukunci zai tsaya ba.

Gardamar ma tsohuwa ce. Tun wajen 726 Sarki Leo na Uku ya tasam ma hotunan majami'u a Ƙustantiniya, wanda kuwa ya fi kowa yi masa raddi shi ne Yohanna mutumin Dimashƙa, yana zaune a ƙasar Banu Umayya, da hujjar cewa addinin da ya gaskata Kalma ya zama jiki ba shi da ikon rena itace da launi. Majalisar Nikiya ta 787 ta rarrabe tsakanin girmamawa da bauta. Na sani, ba duk Kiristoci suka karɓi wannan ba, malamin addinin nan Kalbin da mabiyansa sun fid da hotuna daga wurin sujada, har a 1566 aka yi ta fasa mutum-mutumi a majami'un Holan. Amma Kalbin ɗin nan da kansa ya yarda zane da sassaƙa baiwa ce daga Allah, kuma daga Holan ɗin gwanin zane Rembrandt ya fito. Wato ko mazhabar da ta fi tsanani, iyakarta ɗakin ibada ce, ba ta taɓa isa ga awakin yaro ba.

Mai shakka ya je Wusasa ya shiga majami'ar Bartalamawas da aka gina wajen 1929 da tubali da azara, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon nan irin wanda maginin nan Babban Gwani ya bar wa maginan Zazzau, ya ji sanyin ɗakin da tsakar rana, sa'an nan ya gaya mini ko wane aljani ke ciki. A ƙasar Yarabawa kuwa, a Oye-Ekiti, 'yan mishan na Katolika sun buɗe wurin sassaƙa a 1947, Fada Kevin Carroll na cikinsu, har Lamidi Fakeye, Musulmi, ya zo ya yi ta sassaƙa wa majami'u ƙofofi. Su kuma iyayenmu na Zumuntar Mata, da tulu suke kiɗan da ke tā da majami'a duka tsaye.

To, ku fastoci da dattawan ikilisiya, kada ku bar baƙon mai wa'azi, wanda ya zo Juma'a zai tafi Litinin, ya yanke hukunci kan kayan da kakanni suka bari. A kira tsofaffin gida a tambaye su asalin kowane abu, gama kujerar zama daban, kayan tsafi daban. In an tabbata na tsafi ne, mai shi kuma ya ga lamirinsa bai kwanta da shi ba, akwai gidan tarihi a Jos tun 1952, a miƙa shi can, a rubuta sunan garin da na wanda ya sassaƙa. In majami'a na bukatar mumbari ko ƙofa, a nemi kafintan gari a ba shi labarin da zai zana, a kuma biya shi hakkinsa cif, kada a ce masa aikin Ubangiji ne a sallame shi da addu'a alhali an biya mai janareta. Abin da ke ba ni haushi ma, mutanen nan da suka ƙone ƙofar kakansu, a ɗakunansu akwai kalanda mai hoton Almasihu da gashi irin na Bature, ba wanda ya ce a sa mata ashana.

Ku kuma iyaye da malaman makarantar Lahadi, yaron da kuka gani yana zane a ƙasa da tsinke, ku saya masa takarda da fensir, ku sa shi ya zana labarin da aka koyar ran nan, a manna a bango 'yan'uwansa su gani. In ya nuna gwaninta a kai shi wurin mai sana'ar ya koya, in ya yi nisa a karatu akwai sashen zane-zane a jami'ar Zariya. Shi wancan yaro na ƙauye na aika masa da sabon littafi, an ce mini har yanzu bai buɗe shi ba.