Abin da matuƙa ke yi idan haidirolik ya samu matsala kafin jirgi ya tashi

Birkin jirgin sama, da sitiyarin tayar gaba, da sassan fukafukan da ke karkata shi, galibi man haidirolik ne ke motsa su. Shi ya sa Airbus A320 ke da layukan mai uku masu cin gashin kansu: kore, shuɗi da rawaya.

Idan gargaɗi ya bayyana alhali jirgin na gangarawa zuwa titin tashi, kyaftin kan tsayar da shi, a sanar da hasumiya, sannan matuƙan biyu su bi matakan da allo ke nunawa. In layin kore ya gaza, birki na komawa kan rawaya. In shi ma ya gaza, akwai ajiyayyen matsi da zai isa a taka birki aƙalla sau 7. Jirgin da ya rasa sitiyari kuwa ana iya sa mota ta ja shi.

Daga nan magana ta koma hannun injiniya da kundin MEL, wanda ke fayyace irin lalacewar da aka yarda a tashi da ita. A Najeriya, hukumar NCAA ce ke amincewa da kundin kowane kamfani. Yoyon mai da ya wuce ƙa'ida ba a ɗaga masa ƙafa. Ko da kundin ya ba da dama ma, kyaftin na da ikon ƙin tashi, komai asarar kamfani da gunagunin fasinjoji.