Akwatin Bayan Babur: Yadda Ake Zaɓensa da Ɗaura Shi a Yankin Bacirawa

A Bacirawa, wadda ke ƙaramar hukumar Ungogo a arewa da birnin Kano, da ƙauyukan da ke bayanta inda gona ke manne da gona, babur ya karɓi mafi yawan aikin da jaki ke yi a da. Tun watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta jihar Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, fasinja ya koma keke mai ƙafa uku na A Daidaita Sahu, babur kuma ya zama na mai shi da kayansa, sannan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya sa wasu masu mota ma suka ajiye ta suka hau babur. Wannan ne ya ƙara wa akwatin baya daraja a wurin malamin makaranta da ɗan kai saƙo da ƙaramin ɗan kasuwa; shi ne akwatin nan mai makulli da ake ɗaurawa a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke bayan kujera.

Da lita ake auna girman akwatin, kuma wanda ya kai lita 30 yakan ɗauki hular kwano ɗaya da 'yan takardu, yayin da mai lita 45 kan ɗauki biyu. Sai dai lita faɗin ciki kawai take nunawa, ba ta faɗin nauyin da akwatin zai jure, kuma a nan ne yawancin masu saye ke ruɗewa. Kamfanin Givi na Italiya, wanda aka kafa a 1978, ya ƙayyade kilo 3 ga ƙananan akwatunansa samfurin Monolock da aka ƙera domin ƙananan babura, da kilo 10 ga manyan samfurin Monokey, alhali irinsu na China da suka fi yawa a kasuwa ba su kai su kauri ba. Dalilin wannan ƙa'ida shi ne akwatin yana zaune a sama, kuma a bayan gindin tayar baya, don haka duk nauyin da aka zuba masa yana rage wa tayar gaba kamun ƙasa, har kan babur ya riƙa rawa a cikin yashi ko wurin shan kwana. Mangalar jaki ta fi shi hikima ta wannan fuska, domin tana raba kaya gida biyu ta sauke su ƙasa, shi ya sa jakunkunan gefe suka fi dacewa da kaya masu nauyi.

Akwatin roba ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, amma ranar bazara kan gasa maras kyau har ya tsage ta wurin ƙusoshi. Na ƙarfe, wanda mai walda zai iya haɗawa daidai da buƙatar mutum, ya fi juriya kuma ya fi gagarar ɓarawo, sai dai nauyinsa kaɗai yakan cinye abin da kariyar ke iya ɗauka tun ba a saka komai ba. Baburan Bajaj Boxer da Jincheng suna da kariya mai ƙwari da za ta riƙe shi, amma roba-roba, wato ƙananan baburan da aka lulluɓe jikinsu da roba, na roba madaidaici ne ya dace da su.

Ɗaurin shi ne jigon al'amarin, domin akwati mai tsada a kan ɗauri maras kyau bai fi mai araha daɗewa ba. Ana fara ɗora farantin da ke zuwa tare da akwatin a kan kariya, a matso da shi gaba iya yadda zai yiwu ba tare da ya hana kujera buɗewa ba, tunda a roba-roba da yawa tankin mai a ƙarƙashinta yake, kuma ba tare da ya matse wanda aka goya ba. Daga nan sai a sanya ƙarafan riƙo ta ƙasan kariyar, a zura ƙusoshi huɗu da washa mai faɗi, a ɗaure su bi da bi kaɗan-kaɗan domin farantin ya zauna daidai. Gogaggen bakanike yakan yanko tsohon tub ya shimfiɗa tsakanin faranti da ƙarfe saboda ya shanye girgiza, ya kuma ninka noti biyu a kan kowace ƙusa, domin gargadar hanyar burji tana kwance noti ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ya kamata a sake bin su da sifana bayan makon farko, a kuma tabbatar akwatin bai rufe danja ko lambar babur ba. Liƙe akwati da walda a jikin babur kuskure ne, ko da yake ana ganinsa, saboda yana kashe amfanin kariyar baki ɗaya.

Manomin da zai ɗauko buhun taki ko ya kai gero kasuwar Dawanau yana buƙatar kariya fili da igiyar roba, don haka akwatin da ake zarewa da makulli a bar faranti kawai ya fi masa amfani, ko da ya ɗara kuɗi. Aikin akwatin na gaskiya shi ne tsare ƙananan kaya daga ƙurar hunturu da ruwan damina da hannun ɓarawo a bakin masallaci ko kasuwa, wanda ya sa ake duba robar bakin murfi da ƙarfin makulli kafin launi. Baƙin akwati da aka bari a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, ba wurin ajiye magani ko waya ba ne.