Horar da kwikwiyo a Riyadh: Kiran da ke halatta naman farauta

A shekarar 2008 hukumar Hisba ta birnin Riyadh ta hana sayar da karnuka da yawo da su a bainar jama'a, kafin a rage mata ƙarfi a 2016. Duk da haka Larabawan Najadu ba su rabu da saluki ba, wato siririn karen nan mai bin zomo da barewa. Alaƙar tsohuwa ce, domin a 2017 masu bincike sun bayyana zane-zanen duwatsun Shuwaimis da Jubba a yankin Ha'il, masu shekara kusan 8,000, da ke nuna maharba riƙe da karnuka da igiya.

Mu da muka san farauta a ƙasar Hausa mun san gudu kaɗai ba ya mai da kare na farauta. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malaman fiƙihu kuma suka ce horarre shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. Ke nan sauraron ubangida na cikin sharuɗɗan halaccin naman.

To, yaya ake koya masa? Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana farawa kwikwiyo na da mako 8, a tsakar gida inda babu hayaniya. A kira sunansa sau ɗaya. Da zarar ya ɗago ya dubi mai shi, a ba shi ɗan guntun nama. Minti 5 ya isa, sau biyu ko uku a yini. Kada a kira shi don a doke shi, domin gobe ba zai zo ba.

In ya saba, sai a fita da shi fili da doguwar igiya, bayan Asuba ko dab da Magariba, saboda zafin Riyadh kan haura digiri 40 a lokacin bazara. Saluki da ido yake farauta, in ya hango abu na gudu, da wuya ya waiwayo. Farauta a Saudiyya kuwa sai da lasisi, kuma karen da ya kufce ya bi barewa a gandun da aka killace, mai shi ne zai amsa tambaya.

Saboda haka kada a kwance igiya sai kira ɗaya na dawo da shi. Allah Ya sa mu dace.